Yadda 'Yan Tsana Suka Sami Shiga Akwatin Telebijin

Fuskar farko da ta fito sosai a cikin akwatin telebijin ta 'yar tsana ce. A ran 2 ga watan Oktoba na shekarar 1925 wani mutumin Sikotilan mai suna John Logie Baird ya yi nasarar aika hoton fuska daga wata na'ura zuwa wata a ɗakin gwajinsa da ke birnin Landan. Fitilun da yake aiki da su suna da tsananin zafi, mutum ba ya iya daɗewa a gabansu, saboda haka sai ya ɗora kan wata 'yar tsana mai fenti raɗau wadda ya sa wa suna Stooky Bill. Sai bayan da ya ga hotonta ya fito sannan ya kirawo wani yaron ofis ya zaunar da shi a wurin.

Tun daga wannan rana tarihin 'yan tsana da na telebijin suke tafiya tare. Wanda ya bi labarin waɗanda suka yi suna a cikinsu zai ga cewa kowace ta sami karɓuwa ne gwargwadon yadda mai ita ya fahimci abin da kyamara take bukata.

Zamanin masu zare

Gidan telebijin na BBC a Ingila ya rufe aiki cikin watan Satumba na 1939 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, bai sake buɗewa ba sai cikin watan Yuni na 1946. A wannan shekara ce yaran Ingila suka fara ganin wani alfadari mai suna Muffin yana rawa a kan fiyano, wata mawaƙiya Annette Mills tana kaɗa masa, ita kuwa Ann Hogarth tana ɓoye daga sama tana jan zarurrukan da ke motsa shi. An ci gaba da shirin har zuwa 1955, shekarar da Annette Mills ta rasu.

A Amurka kuwa, gidan telebijin na NBC ya fara shirin Howdy Doody a ran 27 ga Disamba, 1947. Shi ma da zare ake jansa, Bob Smith ne yake yi masa murya. Ba a yi nisa ba sai rigima ta tashi a kan kuɗi. Da 'yan kasuwa suka fara neman iznin yin kayan wasan yara da siffarsa, sai Frank Paris, wanda ya ƙera shi, ya ga ba zai sami rabonsa ba, ya ɗauke abinsa ya tafi cikin 1948. Masu shirin suka gaya wa yara wai Howdy ya tafi yaƙin neman zaɓe, kuma ana yi masa gyaran fuska a asibiti. Kafin nan Velma Dawson ta ƙera sabo mai ɗige-ɗige 48 a fuska, watau ɗigo ɗaya domin kowace jiha ta Amurka a lokacin. Wannan sabon ne ya zauna har aka rufe shirin cikin watan Satumba na 1960.

Amma 'yar tsana mai zare tana da nakasa a gaban kyamara. An yi ta ne domin 'yan kallon da ke zaune nesa da dandamali. Idan kyamara ta matso kusa sai zare ya bayyana, fuska kuma a sandare take, ba ta nuna murna ko fushi.

Sule 7 da sisi

Cikin 1948 wani injiniya Bature mai suna Harry Corbett ya je hutu da iyalinsa a garin Blackpool, ya sayi wata 'yar tsana mai siffar beyar, irin wadda ake zura hannu a ciki, a kan sule 7 da sisi domin ya faranta wa ɗansa rai. Cikin 1952 ya shiga da ita wata gasar masu fasaha ta BBC, ya kuwa ci. Da yake telebijin na lokacin fari da baƙi ne kawai yake nunawa, sai aka shafa wa kunnuwanta da hancinta kunkunniya domin su fito sosai, daga nan ta sami sunan Sooty, watau mai kunkunniya. Sooty ba ya magana a fili, raɗa yake yi a kunnen maigidansa, shi kuma ya faɗa wa 'yan kallo. Ɗan Corbett, Matthew, ya gaji aikin cikin 1976.

Ɗalibin da ya kawar da dandamali

Wanda ya sauya sana'ar gaba ɗaya shi ne Jim Henson. Yana ɗalibi a Jami'ar Maryland, yana da shekara 18, wani gidan telebijin na birnin Washington mai suna WRC ya ba shi fili na minti 5. Shirin nasa, Sam and Friends, ya fara a ran 9 ga Mayu, 1955, yana yinsa tare da abokiyar karatunsa Jane Nebel, wadda ya aura daga baya. A cikin wannan shiri ne Kermit ya fara fitowa. Da tsohon kwat ɗin mahaifiyarsa Henson ya ɗinka shi, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu. A farko ya fi kama da ƙadangare, sai daga baya ya zama kwaɗon da duniya ta sani.

Dabarun Henson guda uku ne. Na farko, ya bar katako ya koma ga yadi da soso mai laushi, ta yadda yatsun hannu za su iya murtuke fuskar 'yar tsana ko su sake ta. Na biyu, ya kawar da dandamalin da masu wasa suka saba ɓuya a bayansa, ya ɗaga hannunsa sama ya bar iyakar hoton kyamara ta ɓoye shi. Na uku, ya ajiye ƙaramin akwatin telebijin a gabansa, yana wasa yana ganin daidai abin da mutanen gida suke gani. Har yanzu da waɗannan dabaru ake aiki.

Daga ban dariya zuwa koyarwa

A ran 10 ga Nuwamba, 1969, aka fara shirin Sesame Street, wanda Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett suka tsara domin koya wa ƙananan yara haruffa da ƙirga kafin su shiga makaranta, musamman 'ya'yan talakawa. Da farko masana sun ba da shawarar a raba 'yan tsana da mutane don kada yara su ruɗe. Da aka gwada shirin a birnin Philadelphia sai aka lura hankalin yara yana gushewa duk lokacin da mutane kaɗai suka bayyana. Nan da nan aka sake tsari, aka shigo da Big Bird, wani ƙaton tsuntsu mai tsawon ƙafa 8 da inci 2, da Oscar mai zama cikin garwar shara, suka zauna cikin mutane. Caroll Spinney ne ya yi wasan su biyun har zuwa 2018. A cikin rigar tsuntsun yakan ɗaga hannun dama ya riƙe kan, yana duban ƙaramin telebijin da aka ɗaura masa a ƙirji.

Duk da wannan nasara, manyan gidajen telebijin na Amurka sun ƙi karɓar shirin da Henson ya tsara domin manya da yara baki ɗaya. Lew Grade na kamfanin ATV a Ingila ne ya ɗauki nauyinsa, aka yi The Muppet Show kashi 120 daga 1976 zuwa 1981. Henson ya rasu a ran 16 ga Mayu, 1990, yana da shekara 53.

Ita ma Nijeriya ta sami nata rabon cikin 2011, lokacin da gidan telebijin na NTA ya fara nuna Sesame Square, inda aka ga Zobi, direban tasi mai son doya, da Kami, yarinya mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau wadda ta fara fitowa a Afirka ta Kudu cikin 2002 domin rage tsangwamar masu cutar. Ya kamata ɗalibai masu sha'awar wannan aiki da ma'aikatan da ke raba lokacin shirye-shirye su tuna cewa jarin Kermit na farko tsohon kwat ne da fili na minti 5 da wani jami'i ya yarda ya ba yaro ɗan shekara 18.