Ba a Fasa Rumbun ba, Amma Bayanan Suna Kasuwa

A watan Maris na 2024 'yan jaridar bincike na FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan lambar ɗan ƙasa, wato NIN, ga duk wanda ya biya. Wata uku bayan nan ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, yana irin wannan ciniki a kan naira 100 kacal. Amsar hukumar NIMC, mai kula da bayanan NIN, ita ce babu wanda ya yi wa rumbunta kutse. Sai jama'a suka rabu biyu: masu cewa hukumar ba ta faɗi gaskiya ba, da masu cewa tunda ba kutse, to hankali ya kwanta. Duka ɓangarorin sun ɗauka bayani ba ya salwanta sai ɓarawo ya fasa, kuma wannan fahimtar ce ke hana mu yin tambayar da ta dace.

Rumbu irin na NIMC, mai ɗauke da bayanan mutum sama da miliyan 100, ana iya tsare shi da gaske: a kulle bayanan da lambobin sirri, a taƙaita masu izinin shiga, a rubuta duk wanda ya duba da lokacin da ya duba. Sai dai ba don ajiya kawai aka tara shi ba. Tun Disambar 2020 da aka wajabta haɗa NIN da layin waya, kamfanonin sadarwa, bankuna, hukumar JAMB da ofishin fasfo duk suna buƙatar tantance mutane da shi. Dole ke nan a bar ƙofa. Ko dai a ba manhajar wani kamfani mai lasisi mabuɗin da za ta turo lamba a mayar mata da suna, hoto da ranar haihuwa, ko kuma, kamar yadda ake yi a ofisoshi da yawa, ma'aikaci ya fitar da jerin sunaye a fayil ɗin Excel. Da zarar bayani ya fita ta ɗayan hanyoyin nan, kullen rumbu ba ya bin sa. Ana iya adana shi a wata kwamfuta, a tura ta WhatsApp, a sake sayarwa.

Manomi kan kulle rumbunsa, amma dole ya ɗebi hatsi a kai niƙa, kuma abin da ya faru tsakanin gida da inji ba aikin kwaɗo ba ne. Bayani ma ya fi hatsi wuyar sha'ani, domin hatsi in an ɗiba ana ganin gurbi, shi kuwa bayani kwafinsa ake ɗauka. Mai tsaro zai leƙa ya ga komai na nan, ya rantse ba abin da ya ɓata, kuma gaskiya ya faɗa, alhali kayan sun daɗe a kasuwa. Abin da hukumar kare bayanai ta NDPC ta sanar bayan bincikenta na farko ya dace da wannan: ta ce mai yiwuwa wani da aka ba izinin tantancewa ne ya bar XpressVerify ta yi amfani da mabuɗinsa.

Wani zai ce to a toshe ƙofar baki ɗaya. Hakan ba zai yiwu ba, domin ranar da aka toshe ta, buɗe asusun banki da rajistar layi za su tsaya. Abin da za a iya shi ne rage abin da ke fita. Kamfanin da ke son sanin ko suna ya dace da lamba, amsar e ko a'a ta ishe shi, ba ya buƙatar hoto da adireshi. NIMC da kanta ta fito da lambar wucin gadi ta vNIN a 2022, wadda ke aiki ga kamfani ɗaya kuma ta mutu bayan awa 72. Haka nan mabuɗin da ya saba tambaya kaɗan a rana, in ya koma tambaya dubbai, ya kamata na'ura ta dakatar da shi nan take, ba sai ɗan jarida ya gano ba.

Wani kuma zai ce laifin jama'a ne, masu barin takardar NIN a shagon hoto da kwafi ko miƙa lambarsu ga duk shafin da ya yi alkawarin tallafi. Akwai gaskiya a ciki, kuma sakacin namu abin takaici ne. Amma wannan sakaci ba zai bayyana yadda shafi ke amsa tambaya a kan duk lambar da aka shigar ba. Wannan sai mai hanya zuwa tushe. Ɗan ƙasa bai zaɓi kamfanonin da aka ba lasisi ba, bai ma san sunayensu ba, tilas aka yi masa ya ba da bayanansa.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayani alhakin sa ido kan waɗanda ya miƙa wa, ta wajabta sanar da NDPC cikin awa 72 idan an samu ɓaraka mai haɗari, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, duk wanda ya fi yawa. Saboda haka majalisa na da hurumin neman NIMC ta wallafa sunayen masu riƙe da mabuɗi, da irin bayanin da kowanne ke samu, ta kuma ba kowane ɗan ƙasa hanyar ganin wanda ya duba lambarsa da ranar da aka duba.