Ɗan leƙen asiri da matsafi a mujalla ɗaya: Abin da Strange Tales ta koya wa matasan Amurka

A shekarar 1965, duk matashin da ya miƙa senti 12 a Amurka ya sayi fitowa ta 135 ta Strange Tales, mujallar labarai cikin zane ta kamfanin Marvel, zai tarar da jarumai biyu a ciki. Rabin farko na Nick Fury ne, shugaban hukumar leƙen asirin da ake kira S.H.I.E.L.D. Ɗaya rabin kuma na Doctor Strange ne, likitan da ya rikiɗe ya zama matsafi. Haka suka ci gaba da raba shafuka har zuwa 1968.

Me ya haɗa su?

Dalilin farko na kasuwanci ne. Tun daga 1957, wani kamfani mai alaƙa da DC, babban abokin hamayyar Marvel, shi ke rarraba mujallun Marvel a kasuwa, kuma ya taƙaita adadin da za a fitar kowane wata. Rashin fili ya sa dole aka cusa jarumai biyu cikin mujalla guda. Da takunkumin ya sassauta a 1968, kowannensu ya samu tasa.

Doctor Strange ne ya riga zuwa, a fitowa ta 110 cikin 1963, daga alƙalamin Steve Ditko da Stan Lee. Likitan tiyata ne mai girman kai, wanda hatsarin mota ya nakasa masa hannuwa. Neman magani ya kai shi tsaunukan Himalaya, inda wani tsohon malami ya koya masa sihiri.

Shi kuwa Fury, wanda Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira, asalinsa saje ne a labaran Yaƙin Duniya na Biyu. Da finafinan James Bond suka samu karɓuwa daga 1962, sai aka sauya masa aiki, aka ba shi jirgin yaƙi mai shawagi a sararin sama da kuma abokiyar gaba, ƙungiyar asiri ta Hydra. Sunan ya fito ne daga macijin tatsuniyar Girka, wanda in an sare masa kai ɗaya sai biyu su tsiro.

Saƙon da ke ƙasa

Duk da bambancin bindiga da tsafi, labaran biyu tafarkinsu ɗaya. Akwai wani maƙiyi da jama'a ba sa gani, kuma ba mai iya tare shi sai wanda ke aiki a ɓoye. Talaka bai san an ceci ransa ba, balle ya tambayi yadda aka yi. Wannan ya dace da yanayin Yaƙin Cacar Baka, musamman bayan rikicin makamai masu linzami na Cuba a 1962, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kai bakin yaƙin nukiliya.

Akwai kuma hannun masu tace labarai. Bayan zaman da Majalisar Dattawan Amurka ta yi a 1954 kan zargin cewa irin waɗannan mujallu na lalata tarbiyyar yara, kamfanonin sun kafa wa kansu hukumar tacewa. Ƙa'idojinta sun hana a nuna 'yan sanda, alƙalai ko jami'an gwamnati ta hanyar da za ta zubar da mutuncin hukuma. Saboda haka ɗan leƙen asirin da ya isa hannun yaro, amintacce ne tun kafin a buɗe shafin farko.

Abin da ya fito fili daga baya

A 1975, kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya binciki hukumomin leƙen asiri na gaske. Ya gano cewa CIA ta kitsa shirin kashe Fidel Castro na Cuba, da kuma shirin sanya wa Patrice Lumumba na Kongo guba a 1960. Ya kuma bankaɗo yadda FBI ta riƙa bibiyar Martin Luther King. Wato a zamanin da ake zana Fury a matsayin garkuwar duniya, takwarorinsa na zahiri na aikata abin da babu wanda ya zaɓe su su yi.

Labarin kansa ya sauya daga baya. A fim ɗin Captain America na 2014, shekara guda bayan fallasar Edward Snowden, sai ga Hydra ta daɗe da yin sheƙa a cikin S.H.I.E.L.D.

Wannan bai rage darajar zanen Ditko ba, ko na Jim Steranko wanda ya karɓi labarin Fury a 1966, kuma har yau masu zane na koyi da su. Sai dai mai karanta tsofaffin fitowar a yanzu zai lura da tambayar da ba su tsaya a kanta ba: wa ke sa ido kan mai gadin, kuma gaban wa yake bayar da bahasi idan ya yi kuskure?