Ko Kun Sani?

Ledar ɗaki da ake shimfiɗa wa amare a Garki da Dutse yawanci robar PVC ce, wadda ake tausasawa da sinadaran fitalet. Sannu a hankali suke fita su gauraya da ƙurar ɗaki, zafin bazara kuma yana ƙara fitar da su. Mai rarrafe kuwa, hannu ƙasa, hannu baki. Tun 1999 Tarayyar Turai ta hana wasunsu a kayan wasan da jarirai ke tsotsa.

Daɓen gargajiya da ake yayyafa wa makuba, daga ɓawon ɗorawa, ba ruwansa da waɗannan sinadarai, balle in an ɗora tabarmar kaba. In ledar ce dole, ku riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ku buɗe taga.