Tiyatar Ƙananan Huji: Ƙaramin Tabo A Waje, Babban Aiki A Ciki

Arewa da birnin Tamanrasset, a gindin duwatsun Tefedest na ƙasar Aljeriya, akwai wani ƙauye mai suna Mertoutek. Baƙi sun san shi saboda zane-zanen mutanen dā da ke jikin duwatsunsa. Nisansa da Tamanrasset ya haura kilomita 150 ko da a miƙe aka auna, hanyar mota kuwa ta fi haka tsawo, ga duwatsu ga rairayi. Mun fara da wannan ƙauye ne domin ya zama mana ma'auni, ya ku ƴan'uwa masu karatu, saboda da yawa daga cikin iyalanmu haka suke da nisa daga babban asibiti, ko a Ahaggar, ko a karkarar Agadas da Tawa da Maraɗi.

Mu ɗauka wata uwa ce daga irin wannan wuri aka cire mata matsarmama ta hanyar sabuwar tiyata. Washegari ta tashi ta taka, ta sha kunu, likita ya sallame ta. A cikinta ba a ganin komai sai ƴan filasta huɗu. Maigidanta ya samu mota mai komawa gida a ranar, kuɗin masauki kuma ya ƙare. Shin su kama hanya, ko su dakata? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin rubutunmu.

Mece ce wannan tiyata?

Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kiranta seliyoskofi, wasu kuma laparoskofi. Maimakon a tsaga ciki tsawon taƙi guda, sai a yi huji uku ko huɗu, kowane faɗinsa milimita 5 zuwa 12. Ana sa majinyaci barci gaba ɗaya, sannan a hura iskar kabon dayoksaid a cikinsa domin fatar ciki ta ɗaga daga kan hanji, a samu fili. Ta hujin cibiya ake zura siririn bututu mai fitila da kyamara, ta sauran kuma a zura dogayen almakashi da hantsaki. Likita yana aiki idonsa na kan allon talabijin.

Dabarar ta daɗe. A 1901 Georg Kelling na Jamus ya leƙa cikin kare da bututu mai haske, a 1910 kuma Hans Christian Jacobaeus ya gwada a jikin mutane a Stockholm. Kurt Semm ya cire afendis ta wannan hanya a birnin Kiel a 1980. Erich Mühe ya cire matsarmama a 1985 a Jamus, sai Philippe Mouret ya yi irinsa a birnin Lyon na Faransa a 1987, daga nan aikin ya bazu duniya cikin ƴan shekaru. Yau ana yin sa a manyan asibitocin Aljeriya, da Yamai, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Da shi ake cire matsarmama mai tsakuwa, da afendis, ana gyara ƙaba, ana ceto mata masu ciki a bayan mahaifa, ana kuma binciken dalilin rashin haihuwa.

Alherin da ke cikinta

Amfaninta a fili yake. Ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, kuma da wuya miki ya yi ruwa ko mugunya idan aka kwatanta da dogon ɗinki, abin da ke da muhimmanci a ƙasar zafi da ƙura. Wanda aka cire wa matsarmama yakan kwana ɗaya ko biyu a asibiti, alhali mai tsagar ciki yakan kwashe kwanaki da dama. Yakan koma ƙananan hidimominsa cikin mako ɗaya ko biyu, maimakon mako huɗu zuwa shida. Ga magidanci mai neman abincin yini, da uwa mai goyo, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Akwai rukunin mutanenmu da suka fi kowa buƙatarta, wato masu amosanin jini. Yawan fashewar ƙwayoyin jininsu yana haddasa tsakuwa a matsarmama tun suna yara ko matasa. A 2009 likitocin Babban Asibitin Ƙasa na Yamai sun wallafa rahoto a kan masu wannan cuta da suka cire wa matsarmama ta ƙananan huji, inda suka nuna aikin yana yiwuwa a ƙasashenmu muddin an shirya majinyaci yadda ya kamata. Shirin ya haɗa da ƙarin ruwa, da iskar shaƙa, da kiyaye shi daga sanyi, wani lokaci har da ƙarin jini kafin a shiga ɗakin tiyata.

Matsalolin da kan biyo baya

Ƙanƙantar hujin takan yaudari ido. Abin da aka yanke a ciki daidai yake da abin da ake yankewa a tsohuwar tiyata, don haka haɗarin yana nan.

Wasu abubuwan masu wucewa ne. Mutane da yawa sukan ji ciwo a kafaɗa, musamman ta dama, har su zaci an yi musu kuskure. Ragowar iskar da aka hura ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsa kuma tana da alaƙa da kafaɗa. Yakan lafa cikin kwana biyu ko uku, tafiya a hankali tana taimakawa. Haka nan kumburin ciki kaɗan, da tashin zuciya, da kaushin maƙogwaro saboda bututun numfashi.

Wasu kuwa manya ne. Lokacin da ake zura ƙarfen farko, likita bai riga ya ga ciki ba, don haka yana iya huda hanji ko jijiyar jini, musamman ga wanda aka taɓa yi wa tiyata har hanjinsa ya manne da fatar ciki. Na'urar lantarki da ake ƙona jijiyoyi da ita don tsayar da jini tana iya taɓa hanji ba a lura ba. Wurin ya ƙone, sai bayan kwanaki ya ɓule. A aikin matsarmama, abin da likitoci suka fi tsoro shi ne raunata babbar hanyar da maɗaci ke bi daga hanta zuwa hanji. Wannan yakan faru ga kimanin mutum 3 zuwa 5 cikin kowane 1,000, kuma gyaransa yakan buƙaci ƙwararre da babbar tiyata ta biyu. Saboda haka ne a 1995 likita Steven Strasberg da abokan aikinsa a Amurka suka tsara ƙa'idar cewa kada a yanke komai sai an fito da bututun matsarmama da jijiyarta fili, an tabbatar su biyu kaɗai ke shiga cikinta. Akwai kuma daskarewar jini a ƙafa, wanda gudansa kan iya tafiya huhu, da ƙaba da kan fito a gurbin huji bayan watanni.

A yankunan kiwo irin na Aljeriya akwai wata cuta ta daban: ƙullutun ruwa a hanta, wanda ƙwan tsutsar cikin kare ke haddasawa. Idan ƙullutun ya fashe a lokacin aiki, ruwansa na iya jefa majinyaci cikin mummunan hali nan take, ko ya shuka cutar a sauran ciki. Shi ya sa likita kan nemi hoton ciki kafin aiki, kuma yakan zaɓi buɗe ciki idan ya ga hakan ya fi aminci.

Wannan ya kawo mu ga wani abin da ke jawo ƙorafi a gidajenmu. Akan shiga da majinyaci da alkawarin huji huɗu, ya farka da dogon ɗinki. Hakan na faruwa ga kusan mutum 5 cikin 100 a aikin matsarmama, ya kuma fi yawa ga wanda ya zo a makare, matsarmamarsa ta riga ta kumbura. Likitan da ya ga hanya ta rufe masa, ya ajiye kyamara ya buɗe ciki, ya yi abin da hankali ya ce ne. Godiya ta kamace shi.

Komawa ga tambayarmu

Yanzu mu koma ga uwar nan ta Mertoutek. Ɓulewar hanji da yoyon maɗaci sau da yawa ba su bayyana a ranar aiki. Sukan nuna kansu a cikin makon farko, wani lokaci har zuwa kwana goma, lokacin da mai nisan gida ya riga ya isa ƙauyensu. Wanda ke cikin gari, tafiyar mintuna ce ta raba shi da likita. Wanda ke bayan duwatsu sai ya nemi mota, ya nemi mai, ya yi sa'o'i yana jijjiga a kan hanya, idan kuma aikin ya fi ƙarfin asibitin jiha, ga Aljas can kusan kilomita 2,000 daga Tamanrasset. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Shawararmu ita ce iyali su sa kuɗin zaman mako guda kusa da asibiti a cikin lissafin aikin tun farko, su kuma gaya wa likita ainihin inda suke zaune kafin ya rubuta sallama. A nan ne zumunci ke da rana: ɗan'uwan da ke da ɗaki a birni ya buɗe wa majinyacin ƙauye ƙofa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: bayan wannan tiyata kowace safiya ya kamata ta fi ta jiya sauƙi. Idan abin ya juya, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Alamomin su ne ciwon ciki mai ƙaruwa, da zazzaɓi, da amai mai maimaituwa, da ciki ya kumbura ya yi tauri, da shawara a ido ko fitsari ya yi duhu, da numfashi sama-sama, da kumburin ƙafa ɗaya, da jini ko mugunya daga huji. Kada a tsaya jiƙa sassaƙe ko gasa ciki, kada kuma a rufe ciwon da ƙwayoyin kasuwa, domin suna ɓoye alamar da likita ke nema.

Kafin aiki, matambayi ba ya ɓata. A tambayi likita abin da zai cire, da dalilin zaɓar wannan hanya, da wanda za a kira idan matsala ta taso da dare. A gaya masa duk maganin da ake sha, na asibiti da na gargajiya, musamman asfirin da masu tsinka jini, da tiyatar da aka taɓa yi, da ciwon suga ko hawan jini. A karɓi takardar bayanin aikin a adana, domin ita za ta yi magana a asibitin da ba su san majinyacin ba. Bayan aiki a guji ɗaukar kaya masu nauyi, kamar jan guga da daka, har zuwa lokacin da likita ya ƙayyade. Wanda ruku'u da sujada ke yi wa wuya ya yi sallarsa a zaune, wanda kuma aikin ya same shi cikin watan azumi, shari'a ta ba shi sauƙin ajiyewa ya rama idan ya warke.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya yi wa hannun masu jinyarsu albarka. Amin.