Jikkar mai hoto a kan duwatsun Azbin

A jihar Agadas, cikin duwatsun Azbin, akwai wuraren da mota ba ta isa. Mai son ɗaukar hotonsu tilas ya taka da ƙafa, kayansa na goye a baya. Dutsen Bagzan, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, ya kai mita 2022. Mai hawa irin wannan dutse, in bai shirya jikkarsa da kyau ba, yana iya hasarar kyamara mai tsada, ko ma ransa.

Abu na farko shi ne nauyi. Masanan tafiyar ƙasa sun ce kada jikka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mutum mai kilo 60, kayansa su tsaya a kilo 12. To, a yi lissahi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda ya ɗauki lita 4 don yini guda, saura kilo 8 ke nan, kuma cikinsu za a hidda nauyin jikkar kanta, da guzuri, da rigar sanyi. Abin da ya rage shi ne rabon kayan hoto. In kaya sun yi yawa, a aje madubin kyamara na biyu a gida. Ba a rage ruwa. Rijiyoyin daji suna nesa da juna, kuma ƙishirwa ba ta jira.

Jikkunan hoto da yawa don birni aka ɗinka su: ɗakuna ne na soso ko'ina, babu wurin gora. Wadda ta dace da dutse tana da hawa biyu, ɗaya na kyamara, ɗaya na guzuri, da aljihun gora a gefe. Sai kuma ɗamara mai fāɗi da ake ɗaurewa a ƙugu, domin ƙugu ya ɗauki nauyin, kafaɗu su huta. Wanda ba shi da halin sayen irinta, ya naɗe kyamara cikin rawani mai tsabta, ya sa cikin jikkar goyo ta kullum.

Wajen shiri, kaya masu nauyi su tsaya tsakiya, manne da gadon baya. Sandar kyamara mai ƙafa uku a ɗaure ta tamau a gefe guda, gorar ruwa a ɗayan gefen, don kada jikka ta rinjaya. A kan hanyar tsakuwa, rinjaye kaɗan ya isa ya kada mutum. Wajen hawa da gangara kyamara ta koma jikka. In tana lilo a wuya, za ta bugi dutse.

Babban maƙiyin kyamara a ƙasarmu ƙura ce, balle lokacin hunturu. Kowane abu a sa shi cikin leda mai rufewa. In za a canza madubi, a ba iska baya, a kifa bakin kyamara ƙasa. Ba a goge madubi da bakin riga: rairayi yana karce gilashi, kuma karcen ba ya gyaruwa. A fara hure ƙurar da ƴar robar hura iska. Da rana kada a bar jikka cikin zahi. Da dare kuwa, a watannin Disamba da Janairu, sanyin saman dutse yana shanye ƙarhin batir, sai a kwana da shi cikin aljihu, kusa da jiki.

Wahalar tana da lada. A Dabus, arewa da birnin Agadas, mutanen da suka rayu shekaru dubbai da suka wuce sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya wuce mita 5. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, ya yi bayaninsu a 1987, kuma zanen da ke wurin sun haura 800. Irin wannan sassaƙa da hantsi ko da la'asar sakaliya take hitowa sosai a hoto, sa'ad da rana ke haskawa daga gefe. Ba a zuba mata ruwa, ba a bin ta da alli, ba a taka ta. Dukiyar ƙasa ce. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Azbin da Tenere cikin kayan gādon duniya.

Ba a shiga dutse mutum ɗaya. A nemi jagora ɗan ƙasar, wanda ya san hanya da rijiya, a biya shi hakkinsa. In ana samun jaki, jaki ya ɗauki ruwa da abinci, amma kyamara ta tsaya a bayan mai ita. A tambayi hukuma labarin tsaron hanya kahin a tashi, a gaya wa dangi ranar komowa. In an isa gari, a gai da mai gari, kuma kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.