Mai Son Barin Taba, Ina Zai Nufa?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada, ta shiga dajin Falgore, in ya tsaya a tasha ko wajen mai shayi, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura: kwalin sigari a buɗe bisa tebur tsakanin ashana da alewa, ana zare wa direba da ɗan dako kara ɗai-ɗai, alhali kuwa dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita sai kwali guda, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Musabbabin yaɗuwarta ba ɓoyayye ba ne. Zariya, inda aka buɗe masana'antar sigari tun 1959, maƙwabciyarmu ce, kara ɗaya bai fi ƙarfin aljihun yaro ba, sa'an nan direban hanyar Jos, da mai haƙar kuza a Riruwai, da manomin rani mai kwana gadin inji a bakin Tiga, kowannensu ya ɗauka tana korar barci da gajiya.

Malaman ƙasashen Sudan sun yi saɓani a kan hukuncinta tun ƙarni na 17, Ahmad Baba na Timbuktu ya tafi a kan halacci, Muhammad al-Wali na Bagarmi ya yi talifi a kan haramci. Amma yau da likitoci suka tabbatar tana jawo sankarar huhu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, mas'alar cutarwarta ta wuce jayayya. Gwamnatin Kano ma ta kai kamfanonin taba ƙara a 2007.

To, wa'azi ya isa kunne, doka ta hau takarda, amma mashayin fa? Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna manya miliyan 4.5 ke amfani da taba, kuma kimanin bakwai cikin goma na masu busawa suna da niyyar bari ko suna tunaninsa. Ashe ba niyya suka rasa ba, mataimaki suka rasa. Sinadarin nikotin yakan kama jiki ta yadda magidanci, in ya yi kwana uku bai sha ba, sai ciwon kai da ƙunci da rashin barci su taru masa, ya riƙa faɗa da iyalinsa kan abin da bai kai ya kawo ba, har ya koma mata cikin kunya, jama'a su ce ba shi da azama. Wannan zalunci ne a gare shi, gama mutumin da ke kame baki daga alfijir zuwa magariba wata guda cur ba a ce masa marar azama.

In ya ce zai nemi magani, ina zai nufa? Makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru an yi ta domin matasan da ƙwaya ta rinjaya, asibitin Dawanau kuwa na masu lalurar ƙwaƙwalwa ne, kuma babu dattijon Doguwa ko Bebeji da zai doshi ɗayansu saboda sigari, domin gudun a ce ya taɓu. Abin da yake bukata bai kai haka ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ta ce nasihar daƙiƙa 30 zuwa minti 3 daga bakin ma'aikacin lafiya tana da amfani, balle in an haɗa da magani, kamar cingam ko manne mai nikotin, ko ƙwayar cytisine. Watau malamin asibitin sha-ka-tafi, yayin da yake ɗaura wa mutum abin awon jini a damtse, ya ce, "Malam, kana shan taba?", ya rubuta a kati, su sa ranar bari tare, ya buga masa waya bayan mako. Haka nan mai tarin fuka da ke zuwa karɓar magani wata shida, da mai ciki da ta zo awo, wadda ya kamata a tambaye ta ko maigida yana busawa cikin ɗaki.

Za a ce maganin da tsada, kuma gaskiya ne. Sai dai Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya kan taba tun 2005, wadda sashenta na 14 ya wajabta taimakon masu son bari, dokar 2015 kuma ta kafa asusu musamman domin yaƙi da taba.

Saboda haka muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, su nemi kaso daga wannan asusu su ajiye magani, limamanmu kuma, in sun yi nasiha ranar Juma'a, su gaya wa mai niyya ƙofar da zai ƙwanƙwasa.