FASHIN BAƘI: Daga ina aka samo maganar cewa kashi 90 cikin 100 na Tafkin Chadi ya ƙafe?

Duk mai bibiyar jawaban shugabanni kan sauyin yanayi ya sha jin cewa Tafkin Chadi ya rasa kashi 90 cikin 100 na ruwansa. An faɗe shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, an maimaita shi a Abuja da Njamena, har wasu na jingina masa talauci da rikicin Boko Haram. Adadin ba ƙirƙira ba ne, daga binciken kimiyya ya fito. Sai dai yadda aka auna shi, da lokacin da aka auna shi, su ne abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba.

Asalin adadin

A shekarar 2001, Michael Coe da Jonathan Foley na Jami'ar Wisconsin a Amurka suka wallafa bincikensu a mujallar Journal of Geophysical Research. Daga wannan aiki, da hotunan tauraron ɗan'adam da hukumar NASA ta yaɗa, duniya ta ɗauki cewa faɗin tafkin ya faɗo daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa kimanin 1,350. Idan aka yi lissafi, raguwar ta ma haura kashi 90.

Tambayar farko ita ce: me ya sa 1963? Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 lokaci ne na damina mai albarka a yankin Sahel, tafkin ya cika ya batse. Bayan nan farin shekarun 1970 da na 1980 ya biyo baya, har tafkin ya rabe gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Wanda ya fara awo daga shekarar cika ya tsaya bayan fari, dole ya ga mummunar raguwa. Alhali tun farkon ƙarni na 20 Bafaranshen nan Jean Tilho ya tarar da tafkin a tsuke, daga baya ya bayyana cewa yana da yanayi uku: ƙarami, matsakaici da babba. Tafki ne marar zurfi wanda mafi yawan ruwansa ke zuwa daga kogin Shari da Logon, don haka ƙaramin sauyi a damina kan sauya faɗinsa ƙwarai.

Abin da kyamara ba ta gani

Tambaya ta biyu ta shafi kayan awo. Hoton tauraron ɗan'adam na yau da kullum buɗaɗɗen ruwa yake nunawa. Inda ciyayi da tsirran fadama suka lulluɓe ruwa, sai hoton ya nuna kore, a ɗauka ƙasa ce. Masunci a Baga ko Bol ya san akwai ruwa da kifi a ƙarƙashin wannan ciyawa, na'urar ce ba ta sani ba.

Saboda haka masana suka sauya dabara. Wasu suka koma auna zafin doron ƙasa, domin wurin da ruwa ke kwance ba ya ɗaukar zafi kamar busasshiyar ƙasa. Wasu suka yi amfani da taurarin GRACE da aka harba a 2002, masu gano ƙaruwa ko raguwar ruwa har na ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna ƙarfin jan duniya. A 2020, Binh Pham-Duc da Florence Sylvestre da abokan aikinsu suka wallafa sakamakonsu a mujallar Scientific Reports: a cikin shekaru ashirin da suka nazarta, tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, kwarin kudu ya daidaita, jimillar ruwan yankin ma ƙaruwa take yi.

Me ya sa tsohon adadi ya ƙi mutuwa?

Kafin mujallar kimiyya ta buga bincike, takan aika shi ga wasu masana fannin su tantance hanyar da aka bi da hujjojin da aka kafa. Wannan tantancewa na nufin aikin ya cancanci a karanta shi, ba wai an rufe ƙofar magana ba. Idan sabon bincike ya zo da ingantaccen awo, ba a goge tsohon. Yana nan a rumbu, rahotanni na kwafar juna, mai rubuta wa shugaba jawabi ya ɗauko daga rahoton da shi ma ɗaukowa ya yi. Ga shi kuma adadi mai tayar da hankali ya fi saurin shiga kunne fiye da bayanin cewa tafki na cika yana janyewa.

Abin da ke kan faifai

Maganar ba ta tsaya a ɗakin karatu ba. A taron ƙasa da ƙasa kan Tafkin Chadi da aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018, an rungumi shirin Transaqua na janyo ruwa daga yankin kogin Kongo, aikin da ake ƙiyasta zai ci dala biliyan 50. Babbar hujjarsa ita ce tafkin na gab da ɓacewa. Amma rahoton da cibiyar Adelphi ta Jamus ta fitar a 2019 ya nuna cewa abin da ya fi addabar mazauna yankin shi ne rashin tabbas na damina, da rikicin da ya raba manoma da masunta da makiyaya da wuraren neman abincinsu. Idan aka kuskure gano cuta, maganin komai tsadarsa ba zai yi aiki ba.

Wannan ba ya nufin sauyin yanayi tatsuniya ce, ko cewa tafkin ya koma girmansa na 1963. Yana nufin duk lokacin da ɗan siyasa ya ɗaga wani adadi domin neman biliyoyi, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya amsa: wa ya auna, da me ya auna, daga wace shekara zuwa wace, kuma me binciken da ya biyo baya ya gano?